Dutsen da Za Ka Hau, da Hanyar da Za Ka Sauko

A watan Yulin 1937 mutum biyar suka shiga bangon arewa maso gabas na Piz Badile, dutse mai tsayin mita 3,308 da ke kan iyakar Suwizalan da Italiya. Uku 'yan garin Lecco ne, Riccardo Cassin da Vittorio Ratti da Gino Esposito. Biyun kuma, Mario Molteni da Giuseppe Valsecchi, daga Como suka fito. Kwana uku suka yi maƙale a jikin dutsen, ruwa da ƙanƙara na dukansu, har suka kai ƙololuwa su biyar cif. Amma uku ne suka isa masauki da rai. Gajiya da sanyi suka kashe Molteni da Valsecchi a hanyar saukowa.

Bayan shekara 15, Hermann Buhl ya taho daga Ostiriya a kan keke, ya haye wannan bangon shi kaɗai cikin awa huɗu da rabi, ya sauko, ya hau kekensa ya kama hanyar gida. Barci ya sace shi a kan sirdi, ya afka kogin Inn, ya fito da ransa. Dutsen bai sake ba tsakanin 1937 da 1952. Abin da ya bambanta shi ne sararin sama, da saurin mai hawa, da ƙarfin da ya rage masa sa'ad da hawan ya ƙare. Duk wanda ke lissafin ƙasar da zai je hawan dogon bango, waɗannan ukun ya kamata ya fara ɗorawa a sikeli, kafin suna da kyan hoto.

Bari mu fayyace abin da ake nufi da doguwar hanya. Mahaya biyu ne ke ɗaure da igiya mai tsawon mita 50 ko 60. Na gaba ya hau yana kafa ƙarafan kariya a jikin dutse, na baya yana sakar masa igiya. In igiyar ta kusa ƙarewa, na gaba ya nemi matsaya ya ɗaure kansa, ya jawo ɗan'uwansa. Wannan shi ne zango guda. Hanyar da ake ce wa doguwa tana da zango 10, ko 20, wata ma har 35. Idan kowane zango ya ci muku rabin awa, zango 20 awa goma ke nan. In kuwa minti 45 yake ci, awa 15, wato dare zai same ku a sama, ba ku ma fara maganar saukowa ba. Wannan ɗan lissafin na 'yan firamare ya fi kowane hoto faɗin gaskiya.

Yawancin masu shirin tafiya lambar wahala suke fara dubawa, kuma nan ake yin tuntuɓe. Ma'aunin ma ba ɗaya ba ne. Jamusawa da Italiyawa suna rubuta IV, V, VI, Faransawa 5c ko 6a, Amurkawa da 'yan Kanada 5.9 ko 5.10. Duk waɗannan wurin da ya fi tsauri a hanyar kawai suke aunawa. Ba su gaya maka nisan da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, ko cewa dutsen na ɓantarewa a hannu, ko cewa za ka yi hawan da jaka a baya, yatsunka sun sandare. Shi ya sa a tsaunukan Alps aka ƙara wani ma'auni na tafiyar gaba ɗaya, daga F mai sauƙi, zuwa PD, AD, D, TD, har ED. Mutumin da ke hawan 6b a gajeren bango mai ƙusoshi reras, in yana da hankali, hanyar V zai nema a tafiyarsa ta farko. V ɗin mutanen 1930 kuwa, waɗanda suka yi ta da igiyar rama, ta sha kunyata samarin zamani.

Sai tambayar da ni a ganina ta fi kowace nauyi: kwana nawa gare ka? Mai hutun mako biyu da mai watanni biyu ba dutse ɗaya ya dace da su ba, ko da ƙarfinsu ɗaya ne.

Ɗauki Patagoniya. Duk mahayin da ya ga hoton Fitz Roy, mai mita 3,405, wanda Lionel Terray da Guido Magnone suka fara hawa a 1952, sai zuciyarsa ta motsa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Iskar da ke tasowa daga tekun Fasifik takan rufe tsaunukan nan makonni, ko a tsakiyar lokacin hawa, tsakanin Disamba da Fabrairu. Mahaya kan zauna a ƙauyen El Chaltén na Ajantina, ido a kan hasashen yanayi, suna jiran sama ta buɗe kwana biyu ko uku. In ta buɗe, tafiyar yini guda ce da kaya kafin a kai gindin dutse. Wanda ya zo da kwana 14 yana iya komawa gida bai taɓa dutse da hannu ba, ya kashe kuɗin jirgi ya je ya ci naman shanu. Mai son giranit ɗin Ajantina da ɗan gajeren hutu gara ya tsaya arewa, a Frey kusa da Bariloche, inda tafiyar awa huɗu za ta kai shi masauki, hasumiyoyin dutse kuma ga su nan kewaye da tafki, gajeru amma masu koyarwa.

Kishiyar Patagoniya ita ce Dolomites a arewacin Italiya, kuma nan zan ɗan daɗe, domin nan ne mai ƙarancin kwanaki ya fi cin riba. Titin kwalta na ratsa mashigan tsaunukan, ta Sella da Falzarego da Pordoi, har akwai bangayen da za ka ajiye mota ka isa gindinsu cikin rabin awa. Galibin hanyoyin ba sa bukatar ratsa kogin ƙanƙara, saboda haka ba ruwanka da gatari da takalmi mai haƙoran ƙarfe. In hadari ya rufe wannan kwari, ka tuƙa zuwa wancan. In ya rufe duka, ka gangara Arco kusa da tafkin Garda ka yi hawa a ɗumi.

Dutsen nasu ɗan'uwan wanda ake siminti da shi ne, ya taru ne a ƙarƙashin wani teku mai ɗumi shekaru fiye da miliyan 200 da suka wuce. A miƙe yake tsaye kamar katanga, yana da mariƙai da yawa, sai dai ba kowane mariƙi ake amince wa ba. Tsofaffin mahaya suna karanta launi: inda ya yi toka-toka ko baƙi, ruwa ya wanke shi, ya yi ƙwari, inda ya yi ɗorawa kuwa ya rankwafo ne, kuma sau da yawa ruɓaɓɓe. Za ka ga na gaba yana ƙwanƙwasa dutse da tafin hannu kafin ya ɗora nauyinsa, kamar mai sayen tukunya a kasuwa yana sauraren amo. Kariyar da zai tarar a tsofaffin hanyoyi ƙusoshi ne masu tsatsa, wasu sun girmi mahaifinsa. Ga ɓatan hanya: bango mai faɗi, tsaga uku a gabanka, kowace da tsohuwar ƙusa, ɗaya ce daidai, biyun alamar waɗanda suka ɓace ne suka juyo. Bangon arewa na Cima Grande, wanda Emilio Comici da 'yan'uwa biyu Angelo da Giuseppe Dimai suka buɗe a 1933, mita 500 ne ko kusa, rabinsa na ƙasa a rankwafe. Juyowa daga tsakiyarsa aiki ne ja, domin in ka zuraro da igiya sai ka tarar kana reto a iska, dutse ya yi maka nisa. Hadarin la'asar ma al'ada ce a watannin Yuli da Agusta. Safiya garau, da azahar gajimare ya fara tulluwa, kafin la'asar aradu ta sauka a kan kaifin dutse, kai kuma ga ƙarafa rataye a ƙugu. Maganinsa sammako ne kawai.

Giranit wata duniya ce daban. Wanda ya taɓa hawa Kufena a Zariya ya san yadda tafin ƙafa ke kama irin wannan dutse ko da babu abin riƙewa. A tsaunukan Turai ƙanƙara ta tsattsage shi, ya zama dogayen tsagogi da ake cusa hannu da ƙafa a ciki, a murɗa, a ɗaga jiki. Kariya na shiga da kyau, hanya ba ta cika ɓacewa ba, domin tsaga ce ke jan ka. Amma wanda bai koyi cusa hannu ba zai sha mamaki, ya kuma bar fatar bayan hannunsa a can.

Hedikwatar giranit ita ce Chamonix a Faransa, wanda ake furtawa Shamoni, a gindin Mont Blanc. Ƙungiyar 'yan jagorar garin tun 1821 take. Akwai motar igiya da ke ɗaukar mutum daga cikin gari, a wajen mita 1,035, ta dire shi a kan Aiguille du Midi, mita 3,842, cikin kamar minti 20. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Jiki bai san an yi tafiya ba, sai ka fito ka ji kai na sarawa, numfashi na yankewa. Daga ƙofar tashar kuma siririn doron ƙanƙara za ka bi ka gangara, rami hagu rami dama, kafin ka taka kogin ƙanƙara mai ɓoyayyun ramuka. Bangon kudu na Midi, hanyar Gaston Rébuffat da Maurice Baquet ta 1956, da Grand Capucin da Walter Bonatti da Luciano Ghigo suka hau a 1951, jan giranit ne da ya kai a yi masa tafiya. Sai dai kafin ka taɓa shi dole ka iya tafiya a kan ƙanƙara da igiya, ka iya fito da abokinka in ya rufta. Ka kuma lissafa da layi, domin ranar da sama ta yi kyau za ka tarar da ƙungiya huɗu ko biyar a gabanka. Ga agogon motar ƙarshe. Wanda ta bari, kwanan sanyi ya same shi.

Akwai kuma abin da tsofaffin littattafan jagora ba za su gaya maka ba. A can sama, cikin tsagogin dutse, akwai ƙanƙarar da ba ta narkewa rani da damina, ita ce ke riƙe manyan duwatsu kamar siminti. Ɗumamar yanayi na narkar da ita. A 2005 wani ɓangare na dutsen Petit Dru da ke saman Chamonix ya zube, fiye da kubik mita dubu 250, ya tafi da ginshiƙin da Bonatti ya hau shi kaɗai a 1955. Rébuffat ya taɓa wallafa littafin hanyoyi 100 mafiya kyau na Mont Blanc a 1973. Da masu bincike a Faransa suka bi 95 daga cikinsu a wani nazari da ya fito a 2019, sun tarar 93 sun sauya, 26 sun sauya ƙwarai, uku kuma babu su kwata-kwata. Ranar 23 ga Agustan 2017, kimanin kubik mita miliyan uku suka ɓalle daga Piz Cengalo, maƙwabcin Badile, suka kashe matafiya takwas, laka ta gangara har ƙauyen Bondo. Ranar 3 ga Yulin 2022 kuma kogin ƙanƙarar Marmolada a Dolomites ya karye, mutum 11 suka rasu. Saboda haka tsakiyar bazarar Turai, da a da ita ce lokacin hawa, yanzu a shekarar zafi ita ce lokacin ruwan duwatsu. Mahaya da yawa sun koma Yuni da Satumba. Kafin ka yanke shawara kan wata hanya, kira mai kula da masaukin da ke gindinta. Shi ke kwana yana jin ƙarar abin da ke faɗowa.

Wannan ne ya sa nake ganin Salbitschijen, a yankin Uri na Suwizalan, ya fi sunansa daraja. Bai kai mita 3,000 ba, babu kogin ƙanƙarar da za a ratsa kafin a kama manyan dororinsa, giranit ɗinsa kuma garau. Doron kudu yini guda ne mai daɗi ga matsakaicin mahayi. Doron yamma, mai hasumiya bayan hasumiya da zango wajen 35, da yawa sai sun kwana a kansa. Aibinsa ɗaya, tsadar Suwizalan, wadda kofin shayi ma sai ka yi lissafi.

Bugaboos na yammacin Kanada kuwa na mai son jeji ne. Conrad Kain ya hau Bugaboo Spire a 1916, Fred Beckey da Yvon Chouinard suka buɗe shahararriyar hanyarsu a South Howser a 1961. Titin masu yankan katako za ka bi mai nisa, ka ajiye mota a daji, ka ɗauki abincinka da tantinka a baya. Kafin ka tafi sai ka kewaye motar da ragar waya irin ta akurkin kaji, ka danne da duwatsu, saboda beguwa na shiga ƙarƙashi ta gaigaye roba, har da tiyon birki. Mutum ya tsira daga bango mai mita 600, ya zo beguwa ta kashe shi a gangara, ai abin ba daɗin faɗi.

Maganar ceto ma tana cikin zaɓe, ko da yake ba a son yin ta. A yankin Mont Blanc na Faransa jandarmomin tsauni ne ke zuwa da helikwafta, kuma ba sa cajin wanda suka ɗauko. A Suwizalan takardar kuɗi za ta biyo ka. A El Chaltén 'yan sa-kai ne za su taho a ƙafa, su ɗauko ka a makara, abin da kan ci kwanaki. Inshorar da ake nema wajen bizar Schengen, mai Yuro 30,000, ta asibiti ce, kuma irin waɗannan takardu sukan cire hawan dutse da igiya daga abin da suke biya. A karanta ƙananan rubutun.

Tunda an zo kan biza: ga mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, wannan ma dutse ne da sai an haye. Kuɗin neman ta Schengen Yuro 90 ne tun 2024, a ba ka ko a hana ka. Amfaninta shi ne in ta samu, Faransa da Italiya da Suwizalan da Ostiriya duk sun buɗe, kana iya bin rana daga wannan ƙasa zuwa waccan. Kanada tata daban, Ajantina tata daban, kuma kowace ƙasa guda take kai ka.

Abin mamaki shi ne yadda muke tsallake na kusa. Dutsen Kenya yana da ƙololuwa biyu da sai da igiya ake kai musu, Batian mai mita 5,199 da Nelion mai 5,188, duk sun ɗara Mont Blanc. Halford Mackinder da 'yan jagorarsa biyu suka hau Batian a 1899, Eric Shipton da Percy Wyn-Harris suka hau Nelion a 1929. Da yake dutsen na dab da layin da ya raba duniya biyu, rana ce ke zaɓa maka gefe: a Janairu da Fabrairu tana bugun kudu, sai a bi hanyar Nelion, daga Yuli zuwa Satumba ta koma arewa, sai a bi bangon arewa na Batian. Hawan bai wuce IV zuwa V ba, amma a mita 5,000 kowane zango kamar biyu ne, kuma masu gaggawar hawa kan gamu da ciwon da ke tara ruwa a huhu. A kan Nelion akwai 'yar bukkar ƙarfe da Ian Howell ya kafa, wadda ta rufa wa mutane da yawa asiri da dare. A Maroko kuma ga Taghia, ƙauyen Berber cikin tsaunukan Atlas, kewaye da jajayen bangaye masu kai wa mita 800, lokacinsa Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba. Za ka kwana a gidan mutanen gari, ka ji kiran salla, abinci ba sai ka yi tambaya ba. Sai dai yawancin hanyoyinsa masu tsauri ne, ba wurin ɗan koyo ba ne. Da lafiya lau ne a Mali da na ƙara da Hannun Fatima na kusa da Hombori, amma rashin tsaro ya rufe wannan ƙofa tun 2012.

In aka tsare ni aka ce in tsara wa mutum biyu masu kwana 14, waɗanda suka iya kafa kariya da zurarowa da igiya amma ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ga abin da zan ce. Makon farko a Dolomites, a hasumiyoyin Sella da Cinque Torri, hanyoyin zango biyar zuwa goma, suna duba agogo a kowace matsaya har su san saurinsu na gaskiya. Daga nan su matsa yamma su ɗanɗana giranit. Chamonix ta jira tafiya ta biyu, Patagoniya kuwa sai shekarar da suka sami wata biyu da ba mai nemansu. In sama ta yi kyau a kwanakin ƙarshe, su nufi Badile, amma su bar bangon Cassin, su bi doron arewa da Alfred Zürcher da Walter Risch suka fara hawa a 1923. Bai wuce IV da ɗoriya ba, zango ashirin da wani abu, bangon 1937 na hagunsu suna kallonsa yini guda.

Su tashi daga masaukin Sasc Furä da tocilan a goshi tun kafin asuba. In sun kai sama, zaɓi biyu ne. Ko su zuraro ta inda suka hau, igiya bayan igiya na awoyi, tana maƙalewa a duwatsu, ga masu hawowa a ƙarƙashinsu, ko su gangara kudu zuwa masaukin Gianetti, wanda ya fi sauri nesa ba kusa ba. Gianetti a Italiya yake, motarsu kuwa tana Bondo a Suwizalan. Washegari ko su ƙetare mashigan Porcellizzo da Trubinasca a ƙafa, yini cur, ko su sauka kwarin Masino su nemi mota ta zagaya da su ta Chiavenna. Don haka tun a daren shiri, cikin jakar da ake ƙirga nauyin kowane abu, a bar wa fasfo wuri, da takalmin tafiya, da 'yan Yuro a leda.